AN CE TALAKA YA ZAƁI INSHORAR LAFIYA: TO, GA TAMU AMSAR

Ya ku 'yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa maza da mata, yau maganarmu a kan ciwo take, da kuɗin ciwo, da wannan abu da ake ta shelarsa a rediyo wai shi inshorar lafiya.

Kwanan baya muna zaune a majalisa a Kambarawa bayan sallar lisha, sai ga wani tela maƙwabcinmu da takarda a hannu. Ya ce an gaya masa ya zaɓi tsarin da zai shiga shi da iyalinsa. Ya ce, "Malam, ku da kuke karatun jarida, wanne zan ɗauka?" Duk unguwa kuwa an san abin da ya taɓa samun wannan bawan Allah. A 2023 naƙuda ta zo wa uwargidansa da gardama cikin dare, aka ce sai an yi mata aiki, aka miƙo masa takarda mai jerin abin da zai sayo, tun daga safar hannu har zaren ɗinke ciki. Kafin gari ya waye kekensa na ɗinki ya bar hannunsa a rabin kuɗi. Allah ya sauke ta lafiya, amma har gobe a shagon wani yake ɗinki, ana raba lada da shi.

To, wane ne cikinmu bai san irin wannan labari ba? Wannan ya sayar da akuyar matarsa, wancan ya jinginar da gona, wata ta cinye jarin ƙosanta a kantin magani. Cikin kowace naira 100 da ake kashewa wajen neman lafiya a Nijeriya, fiye da 70 daga aljihun majinyaci da danginsa take fitowa, nan take, a ranar da ciwo ya kwantar da shi. Sabo da haka tambayar telan nan ba ta wasa ba ce, kuma ba za mu amsa ta da romon baka ba.

ABIN DA DOKA TA CE

Bari mu fara da abin da ke rubuce, domin kada wani ya ce sharri muke yi. A 1999 aka kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa, amma ba ta fara aiki ba sai 2005. Tun daga ran nan ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne suka fi cin moriyarta. Talaka sai dai ya ji labari. A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko. Shekara huɗu aka yi ana jan ƙafa, sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. A 2018 ɗin kuma Jihar Katsina ta kafa tata hukumar ta taimakekeniyar lafiya, wadda ake kira KATSCHMA. Sa'an nan a watan Mayu na 2022 aka soke tsohuwar dokar Tarayya, aka kafa hukumar NHIA, aka ce daga yau shiga inshorar lafiya wajibi ne a kan kowane ɗan Nijeriya. A lokacin an yi alkawarin asusu na musamman wanda zai ɗauki nauyin matalauta miliyan 83.

Wajibi fa aka ce! To, ina aka kwana? Lissafin hukumar da kanta ya nuna a 2025 mutum wajen miliyan 20 ke da inshora, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Watau cikin mutum goma, tara suna waje. A 2025 ɗin shekara 20 ke nan da fara aikin. Da a ce ɗan kasuwa ne ya yi shekara 20 a rumfa bai sayar da ko ushirin kayansa ba, ai da tuni ubangidansa ya karɓe makulli.

MATA ƊAYA DA 'YA'YA HUƊU

Yanzu ku dubi yadda aka yanka rigar. A tsarin Tarayya na ma'aikata, abin da ake kira iyali shi ne maigida, da mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Duk wanda ya ƙaru a kan haka sai an biya masa dabam.

Muna tambaya, a wace unguwa ta Katsina aka auna wannan iyali? A Kambarawa ne, ko a Rafindaɗi, ko a Ƙofar Marusa? Ina amarya? Ina gyatuma da ke ɗakin ƙofar gida, ga hawan jini ga ciwon ƙafa? Ina marayun ɗan'uwa da aka riƙe? Ina dangin da ɓarayin daji suka koro daga Batsari da Jibiya da Safana, suka zo suka cika mana zaure? Ko kuwa so ake magidanci ya tsaya tsakar gida ya nuna 'ya'ya huɗu da yatsa, ya ce ku ne na asibiti, sauran kuwa ku sha saɓara?

Ga wanda ba ma'aikaci ba, Tarayya ta buɗe wani tsari a 2020 mai suna GIFSHIP, na mutum ɗaya, ko iyali, ko ƙungiya. Da aka fara shi naira 15,000 ne kuɗin kai ɗaya a shekara. To, ku ɗauki alli mu yi lissafi. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara, kai 12 ke nan har da shi. Naira 180,000. Mafi ƙarancin albashi a wancan lokaci naira 30,000 ne a wata. Ashe sai mutum ya tara albashin wata shida cur, bai ci ba bai sha ba, kafin ya rufe gidansa. An kuwa ƙara kuɗin tun daga nan. Mai tura baro da mai sayar da ruwa a kura, waɗanda ko albashin ba su da shi, su fa?

Wannan shi ne zaɓin da ake cewa an ba mu. An kai mai yunwa bakin rumfar mai tsire an ce ya zaɓi tsinken da ya ga dama, alhali an san aljihunsa wayam.

"BABU, JE KA SAYO"

Akwai kuma kukan waɗanda suka riga suka shiga. Mutum ya biya, ya karɓi kati, ya je asibiti, ya bi layi tun hantsi har azahar, likita ya rubuta magani biyar. A taga sai a miƙo masa farasitamol, a ce sauran huɗun babu, je ka sayo. Mai kati da marar kati sai su haɗu a kantin magani ɗaya, a bakin ƙofar asibiti.

Kada ku ɗora laifin duka a kan malamin asibiti da ke bayan taga. Ga yadda abin yake. Hukuma tana biyan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mai kati duk wata, ko ya zo ko bai zo ba. A tsarin Tarayya wannan kuɗi ya tsaya a naira 750 fiye da shekara 10, sai a 2024 aka fara taɓa shi. Naira 750 a wata, watau naira 25 a rana. A cikin waɗannan shekaru naira ta faɗi warwas, aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, kamfanin magani na GSK ya sanar da naɗe tabarmarsa daga Nijeriya a watan Agusta na wannan shekara, farashin magani ya yi tashin gwauron zabo. Wane magani ne naira 25 za ta saya? Sa'an nan a tsarin Tarayya da na masu zaman kansu akwai kamfanonin dillanci a tsakani, waɗanda kuɗin ke bi ta hannunsu. In asibiti ya ga ciwonka ya fi ƙarfinsa, sai an nemi izinin dillali kafin a tura ka gaba. Kai kana murƙususu, ana jiran lamba a waya.

Mun yarda an ƙara kuɗin a 2024, an sake ƙarawa a 2025. Madalla. Amma wanda ya bar ka da ƙishirwa shekara goma sa'an nan ya kawo maka moɗa guda, godiyarsa ba ta hana a tambaye shi inda ya shiga da tulun.

SU DA SUKA TSARA, INA SUKE ZUWA?

A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a gidanmu, suka yi alkawarin kowace ƙasa za ta ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinta. Mai masaukin baƙi bai taɓa cika wannan alkawari ba ko sau ɗaya. Kason lafiya a kasafin Tarayya yana ta lilo ne a wajen kashi 4 zuwa 6.

Don me? Don manya ba a nan suke jinya ba. Mu Katsinawa mun fi kowa sanin haka, gama 'ya'yanmu biyu sun hau kujerar mulkin ƙasa. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa Jidda aka kai shi a Nuwamba 2009. Marigayi Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan a 2017, kuma a can ya cika a Yuli 2025. Allah ya jiƙansu da rahama, ba tonon asirin mamaci muke yi ba. Abin da muke nunawa shi ne, ƙasar da ba ta da asibitin da za ta kwantar da shugabanta, wane asibiti ta tanadar wa mai faskare? A 2017 ɗin ma uwargidan shugaban ƙasa da bakinta ta yi ƙorafi a bainar jama'a a kan rashin kayan aiki a asibitin fadar shugaban ƙasa.

Kada kuma a ce mana abin ba ya yiwuwa. Ingila ta kafa tsarin jinya kyauta ga kowa ran 5 ga Yuli 1948, tana fama da bashin yaƙi, ana rabon abinci da kati. Gana, inda kakanninmu fatake suka yi ta safarar goro, ta yi dokarta a 2003, ta ɗora kashi biyu da rabi cikin ɗari a kan kayan saye domin asusun lafiya, ta yafe wa tsofaffi 'yan shekara 70 biya, daga baya ta yafe wa masu ciki. Nan kusa, Jamhuriyar Nijar, wadda ba ta kai mu arziki ba, ta ayyana jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta tun 2006, ko da yake su ma asibitocinsu sun sha kukan rashin biyansu a kan kari. Maraɗi ba nisa, ku tambayi masu zuwa. Mu kuwa a 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwa cewa yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekara. Innalillahi!

MASU CEWA HARAJI NE, DA MASU CEWA CACA CE

To, da yake mun faɗi duk wannan, wani zai zaci cewa za mu yi kowa ya kama kuɗinsa ya yi zamansa. A'a, ko kusa.

Akwai dattawa a cikinmu da ke cewa wannan haraji ne ya sake riga. Muna ganin girmansu, gama sun ga zamanin da ake shanya magidanci a rana sabo da kuɗin haraji, kafin Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina tana ciki. Amma akwai bambanci. Haraji in ya tafi ya tafi, ba ka da takardar da za ka bi sawunsa. Wannan kuwa yarjejeniya ce: na ba ka kaza, ka yi mini kaza. Wanda ya biya ya zama mai haƙƙi, kuma mai haƙƙi yana da bakin magana.

Akwai kuma masu cewa caca ce, tun da kana iya biya shekara ta ƙare ko ciwon kai ba ka yi ba. Fatawa ta malamai ce, kowa ya tambayi malaminsa. Mu dai abin da muka sani, wannan damuwa na cikin dalilan da suka sa jihohinmu na Arewa irin su Katsina da Kano suka kira nasu tsarin taimakekeniya. Kuma 'yan kasuwa ba baƙin wannan ba ne. Da gobara ta ci Babbar Kasuwar Katsina a watan Maris na 2021, ai karo-karo aka yi ta yi wa juna. In ka zuba ba ka yi ciwo ba, kuɗinka ya yi jinyar ɗan maƙwabcinka, kai kuma ka tsira da lafiyarka. Wa ya yi asara a nan?

Ƙin shiga ba ya cutar da manya da komai. Su ko a jikinsu. Kekenka ne zai tafi.

TO, WACE ƘOFA ZA A BI?

Ga shawarar da muka ba telan nan, ita muke ba ku.

Ƙofa ta farko ita ce ta kyauta, watau asusun nan na dokar 2014. An yi shi ne domin matalauta, da masu ciki, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da naƙasassu. A asibitin matakin farko na mazaɓa ake cin moriyarsa, Jihar Katsina kuwa mazaɓa 361 gare ta a ƙananan hukumomi 34. Kafin ka fitar da ko kwabo, je ka asibitin mazaɓarku da lambar katin ɗan ƙasa, ka tambaya ko gyatuma da mai ciki da ƙananan yara za su shiga. Ba alfarma ba ce, kuɗin ƙasa ne. Haka kuma a Nuwamba 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ba da sanarwar yi wa mata marasa hali aikin haihuwa kyauta a asibitocin da aka amince da su. Tun ciki na wata huɗu ka bincika wane asibiti ne ke ciki, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙofa ta biyu ita ce ta jiha, KATSCHMA. Ga mai sana'ar hannu da ɗan tireda, nan ya kamata ya fara leƙawa, domin ofishinta a garin nan yake, in ta ɓaci ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Ƙofa ta uku ita ce ta Tarayya. Mai fatauci da ke kwana Kano yau, gobe Legas, ya tambaya ko katin zai yi masa aiki in ciwo ya kama shi a wata jiha, sa'an nan ya gwada kuɗinta da na jiha.

Ƙofa ta huɗu ta kamfanoni masu zaman kansu ce. Mai hali ya gwada, amma ya sani riba suka fito nema, kuma sharuɗɗan da suka fi cizo su ne waɗanda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe.

In kuɗi bai isa a rufe gida duka ba, a fara da wanda ya fi yawan zuwa asibiti: mai ciki, mai sikila, mai ciwon suga, mai hawan jini, sai yara kafin damina ta kawo zazzaɓin sauro. Kuma ko wace ƙofa ka bi, kada ka sa hannu sai an amsa maka waɗannan, a gaban shaida:

Na ɗaya, nawa ne kuɗin kai ɗaya a shekara, kuma ana karɓa kashi-kashi?

Na biyu, mutum nawa katin ya ɗauka, nawa ne kuma na amarya da ɗa na biyar?

Na uku, kwana nawa zan jira bayan biya kafin katin ya fara aiki?

Na huɗu, wane ciwo ne ba ya ciki? A karanta maka jerin da Hausa. Ka tambayi aikin haihuwa, da ƙarin jini, da karaya, da wankin ƙoda, kowanne da sunansa.

Na biyar, in na je karɓar magani zan cika wani abu? A tsarin ma'aikata na Tarayya ana cika kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani.

Na shida, in aka ce babu magani na saya a waje, wa zai mayar mini da kuɗina?

Na bakwai, wane asibiti aka rubuta mini, yana buɗe da dare, kuma ina iya sauya shi?

Kada ka miƙa kuɗi ga ɗan kamasho a bakin kasuwa. Ka biya inda hukuma ta ce, ka karɓi rasit, ka adana shi tare da takardar gida.

Mafi girma duka, kada ka shiga kai kaɗai. Teloli, mahauta, 'yan gwari, 'yan hatsi, masu adaidaita, mata masu adashi, kowace sana'a tana da ƙungiya da shugaba. Ku shiga a ƙungiyance, ku riƙa tara kuɗin kaɗan-kaɗan ranar kasuwa, ku naɗa mutum biyu masu riƙe littafin ƙorafi, su rubuta rana da sunan maganin da aka ce babu. Mutum ɗaya in ya yi kuka a taga, sai a ce masa gobe. Mutum ɗari uku in suka ce za su kwashe katinsu su koma wani asibiti, ranar za a nemo makullin sito. Tsintsiya ɗaure take shara.

ABIN DA MUKE NEMA

Daga mahukunta kuwa, na jiha da na Tarayya, ga buƙatunmu, ba roƙo ba.

A liƙa sunayen waɗanda aka sa a tsarin kyauta a bangon asibitin kowace mazaɓa, domin jama'a su gani da idonsu ko matalautan ne, ko kuwa 'yan gaban goshin masu riƙe da jam'iyya.

A buga kuɗin da ya shiga asusun da wanda aka biya kowane asibiti, duk wata uku, da Hausa, a karanta a rediyo.

A gyara ma'anar iyali ta dace da gidajenmu, a kuma sauƙaƙa kuɗin ƙarin kai.

A yarda ɗan kasuwa ya biya mako-mako, manomi ya biya da kaka.

Duk asibitin da ya ce wa mai kati babu magani, a tilasta a mayar masa da abin da ya kashe.

Sa'an nan duk mai riƙe da muƙami, daga kansila har sama, a rubuta shi da iyalinsa a asibitin mazaɓarsa, ya riƙa bin layin da muke bi. Ranar da matar kwamishina ta ji "babu, je ki sayo", ranar za a cika taga da magani.

Telan nan ya koma da takardarsa, ya ce zai kai maganar taron ƙungiyarsu ranar Juma'a. Ku ma ku kai ta taku. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a rumfa da zaure da gidan suna. 'Yan takara kuwa suna nan tafe da atamfa da sabulu kamar yadda suka saba. In sun zo, ku ajiye musu katin asibiti a gabansu, ku tambaye su maganin.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana jarinmu. Amin.